Busta da amfili mai tub: wane fedal ne ya dace da wane amfili

Masu jita biyu za su iya sayen fedal ɗin ƙara ƙarfi iri ɗaya, wato ƙaramin akwatin da ake takawa da ƙafa, wanda ake ce wa busta, kowa ya dawo da ƙorafinsa daban. Ɗaya zai ce ya taka ne don solonsa ya fito sama da ganga, amma ƙarar ba ta motsa ba, sai dai sautin ya yi kaushi ya cushe. Ɗayan kuma kaushin yake nema, da ya taka sai ƙara ta kusa toshe kunnen na sahun gaba, sautin kuwa yana nan tas kamar da. Babu wanda aka sayar wa da lalataccen fedal a cikinsu. Busta sigina kawai take ƙara wa girma, wato lantarkin da jita take aikawa. Abin da zai fito daga lasifika, ko ƙara ko kaushi, amfili, wato na'urar da take ƙarfafa siginar kafin ta isa lasifika, shi ne yake yanke shi, gwargwadon sararin da ya rage masa kafin ya kai iyakarsa.

Fikof ɗin jita, wato maganaɗisu mai naɗin waya da yake ƙarƙashin tsirkiyoyi, ɗan ƙaramin lantarki yake bayarwa. Mai naɗi ɗaya irin na Stratocaster yakan ba da kusan kashi ɗaya cikin goma na bolt a bugu matsakaici, mai naɗi biyu irin na Les Paul ya fi shi, kuma bugu mai ƙarfi kan kai bolt ɗaya ko ya ɗan wuce. Wannan sigina tana shiga tub na farko, wato ƙaramar kwalbar gilashi mai ninka sigina, wanda a yawancin amfili 12AX7 ne, ko ECC83 a lakabin Turai. A takarda yana ninka sigina sau 100, a cikin amfili na gaske kuwa kamar sau 50 zuwa 60. An saita shi ne ta yadda abin da zai karɓa ba tare da ya gurɓata ba bai wuce bolt ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. To, busta mai desibel 20 tana ninka sigina sau goma, desibel 6 kuma sau biyu. Bugun da ya fito da bolt 0.3 sai ya zama bolt 3, ya wuce abin da tub zai iya ɗauka. Kamar kwanon awo ne da ya cika: duk abin da aka ƙara, mai awo sai ya share kansa. Wannan sharewar kan sigina ita ce kaushin da kunne yake ji, kuma ita ce take sa sauti ya daɗe yana ja bayan an bugi tsirkiya, domin bugu mai ƙarfi da wutsiyarsa sun dawo kusan tsayi ɗaya.

Tub ba ya share saman sigina da ƙasanta daidai wa daida, kuma yana shiga sharewar a hankali. Shi ya sa kaushinsa yake da zaƙi, yana bin hannun mai kaɗi: ka sassauta ya wanke, ka matsa ya yi gurnani. Kaushi mafi daɗi yakan fito ne idan matakai biyu ko uku kowanne ya ɗan taɓa iyakarsa. Idan tub na farko kaɗai aka danne, sauran suna hutawa, sautin yakan fito siriri da tsami.

Akwai matsala guda da ya kamata a gane kafin a zo maganar zaɓi, don ita ce ta raba ire-iren busta. Tsakanin kowane mataki da na gabansa akwai kondansa, ɗan abin da yake tara lantarki. Idan sigina ta yi yawa ainun, sai ƙofar tub na gaba ta fara jan lantarki, kondansar ta cika, ta ture saitin tub ɗin har ya ɗauke na ɗan lokaci kafin ya farfaɗo. A kunne sai ka ji tsirkiyoyin ƙasa suna fitowa da wani ɓurɓur mai yankewa, kamar lasifika ta yage. Muryar ƙasa ce, wato sauti mai kauri irin na bes, take jawo wannan, domin ita ta fi ɗauke da nauyi a siginar jita. Tsirkiya mafi kauri tana kan 82 Hz. Saboda haka tambayar da ta fi "desibel nawa?" muhimmanci ita ce: nawa ne daga muryar ƙasa fedal ɗin yake bari ya shiga?

Busta mai tsabta

Wannan ita ce mai maɓalli ɗaya, wadda take ɗaga komai baki ɗaya. LPB-1 ta kamfanin Electro-Harmonix, wadda ta fito a 1968, taransista ɗaya ce tak a cikinta. MXR Micro Amp tana kaiwa desibel 26, EP Booster ta Xotic da Spark Mini ta TC Electronic suna kaiwa 20. A gaban amfili mai yalwar sarari, irin Fender Twin Reverb mai wat 85, ƙara za ta ba ka, da ɗan kauri. Ga mai kaɗa rumba ko makosa, wanda yake son layin jitarsa ya fito sarai kamar ƙararrawa, wannan ne zaɓin. A gaban ƙaramin amfili mai wat 15 da ya riga ya fara gurnani kuwa, da ƙyar ƙarar za ta ƙaru, kaushi ne zai ninku, kuma tunda ba ta rage muryar ƙasa, ita ce ta fi saurin jawo ɓurɓur ɗin nan, musamman da fikof na wuya ko mai naɗi biyu. Maganin ba ya buƙatar kuɗi: a rage Bass na amfili zuwa 2 ko 3, a tsayar da busta wajen desibel 6 zuwa 10. Kusan babu wanda yake buƙatar dukan 26 ɗin.

Fedal mai aiki da bolt 9 ma yana da tasa iyakar, ba zai fitar da siginar da ta kai bolt 9 daga sama zuwa ƙasa ba. Idan aka buɗe shi gaba ɗaya da fikof mai ƙarfi, shi kansa zai fara sharewa kafin sigina ta isa amfili, kuma kaushinsa bai kai na tub daɗi ba. Waɗansu, kamar EP Booster, suna karɓar har bolt 18 don samun ƙarin sarari. Wanda ba a rubuta haka a jikinsa ko a takardarsa ba, bolt 18 na iya kashe shi.

Busta mai ɗaga muryar sama

Dallas Rangemaster, wadda aka ƙera a Landan a tsakiyar shekarun 1960, ita ce uwar wannan gida. Taransista ɗaya ce ta jamaniyom, OC44, da ƙaramar kondansa mai nanofarad 5 a bakin shiga, wadda take datse muryar ƙasa tun kafin a ninka komai. An yi ta ne don amfilin Ingila na wancan zamani, Vox da Marshall, waɗanda sautinsu yake duhu da cushewa idan an buɗe su sosai. Rory Gallagher da Brian May sun haɗa irin wannan busta da Vox AC30, kuma a nan ne take nuna gwanintarta: gurnani mai tsini da yake ratsa sauran kayan kiɗa, wanda kuma yake wankewa tas da zarar an ɗan rage maɓallin ƙara na jikin jita.

Sharuɗɗanta suna da tsauri. Dole amfili ya riga ya fara kaushi. A gaban amfili mai tsabta, ballantana Fender mai haske, tsinin zai soki kunne. Dole kuma ita ce ta farko bayan jita, babu fedal mai bafa tsakaninsu, wato mai da'irar da take raba fikof da abin da yake gabansa, domin tana jingina ne da fikof kai tsaye, kuma fedal ɗin kamfanin Boss kusan duk suna da bafa ko da a kashe suke. Yawancin masu taransista irin ta asali wayarsu ta ƙasa tana kan fas (+) ne, saɓanin sauran fedal, don haka ba a haɗa su a igiyar wuta ɗaya da sauran, sai batir ko mazubin wuta nasu daban.

Sai babbar matsala ga mu nan. Jamaniyom ba ya shiri da zafi. Yoyon lantarkin da yake cikinsa yana ninkuwa kusan sau biyu duk ƙarin digiri 10, saitin taransista ya goce. A Garwa, Marwa, Kusiri ko Injamena, inda zafi yake wuce digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, fedal ɗin da ya yi daɗi a ɗaki da safe zai iya zama raunanne mai yankewa idan ya sha rana a filin biki da la'asar. A Ngaundare, da take kan tudu, abin ya fi sauƙi. Wanda yake son wannan sauti a yankinmu gara ya nemi mai taransistar silikon. Masu kunnen ƙwarai za su ce ya ɗan fi bushewa, gaskiya ne, amma sautinsa ɗaya ne daga Janairu zuwa Disamba.

Mai ɗaga muryar tsakiya

Ibanez Tube Screamer, TS808 ta 1979 da TS9 ta 1982, asali fedal ɗin kaushi ce, tana da diyod biyu da suke share sigina a cikinta. Amma masu jita sun daɗe da mayar da ita busta: Drive a ƙasa ko kusa da sifili, Level a sama, Tone a tsakiya. Sirrin yana cikin rezista mai ohm 4,700 da kondansa mai nanofarad 47, waɗanda suke sa ninkin ya fara raguwa daga kimanin 720 Hz zuwa ƙasa. Muryar ƙasa ba ta samun turi, muryar sama ma ana ɗan rage ta, sai tsakiya ta fito da ƙirji. Wannan yana maganin abu biyu a lokaci ɗaya. Ɓurɓur ba ya samun abin ci, sannan jita tana fitowa a cikin taron kayan kiɗa ko da ƙarar ba ta ƙaru sosai ba, saboda wurin da ta ɗaga shi ne wurin da bes da ganga ba su cika ba.

Amfilin Fender irin su Deluxe Reverb mai wat 22 suna da rami a tsakiya, sama da ƙasa ne suka fi fitowa, shi ya sa wannan fedal take zama musu daidai, kuma haɗin da aka san Stevie Ray Vaughan da shi ke nan. A gaban Marshall JCM800, wanda yake da kaushinsa mai yawa, tana ɗaure ƙasan ya yi tsam. A gaban Vox, wanda tsakiyarsa ta riga ta cika, wani lokaci sautin yakan koma kamar na hanci. Boss SD-1 ta 1981 'yar'uwarta ce ta kusa, sai dai ita tana share saman sigina da ƙasanta ba daidai ba, don haka ta ɗan fi ƙaiƙayi, kuma ta fi sauƙin samu a kayan hannu. Klon Centaur ta 1994 da kwaikwayonta masu yawa suna tsakanin wannan gida da busta mai tsabta: suna ninka bolt 9 a cikinsu don ƙarin sarari, ba sa cin muryar ƙasa kamar Tube Screamer.

Aibin Tube Screamer shi ne ba ta taɓa zama tas ɗari bisa ɗari, ko da Drive yana sifili, kuma mai kaɗa jita shi kaɗai ba tare da bes ba zai ji sautinsa ya rame. Duk da haka, ga wanda fedal ɗaya kawai zai iya saya, yana kaɗa salon jitar Abzinawa ko solo a coci da wurin biki, da amfili mai wat 15 zuwa 40, wannan ce za mu ce ya fara da ita.

Inda aka sa ta

Idan amfili yana da ramukan Send da Return a baya, kamar Peavey Classic 30 ko Marshall DSL40, ko makamantansu na Fender Hot Rod Deluxe, to mai ƙorafi na farko ya sami magani. Busta a gaba tana tura sashen farko, ta ƙara kaushi. Busta mai tsabta tsakanin Send da Return tana zuwa ne bayan kaushin ya gama haɗuwa, sai ta ɗaga ƙarar kawai, muddin sashen ƙarfi, wato na ƙarshe mai tura lasifika, yana da sauran sarari. Desibel 3 zuwa 6 sun wadatar wa solo. A wasu amfili siginar da take fitowa daga Send ta fi ƙarfin fedal mai bolt 9, sai a ji wani kaushi mara daɗi; a nan ne mai karɓar bolt 18 yake da amfani. Mai ɗaga muryar sama ba ta da aiki a wannan wuri.

Amfilin Fender Blues Junior ba shi da waɗannan ramuka. A irinsa dabarar ita ce a juya lissafin: a saita amfili da ƙarar solo, a rage maɓallin jita zuwa 6 ko 7 don rakiya, a buɗe shi idan lokaci ya yi. Tsakanin fedal da fedal ma dokar ɗaya ce, busta kafin fedal ɗin kaushi tana ƙara kaushi, bayansa tana ƙara ƙara.

Amfili mara Master, wato maɓallin ƙara na biyu da yake gab da sashen ƙarfi, irin Deluxe Reverb ko tsohon Marshall mai wat 100, ba ya ba da kaushin tub ɗin ƙarfi sai an buɗe shi da gaske, kuma wat 100 a buɗe ya fi ƙarfin kowane ɗakin taro da muka sani. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, don haka wat 15 ba shi da rauni kamar yadda lambar take nunawa. A filin waje, ƙaramin amfili da makirfo a gabansa zuwa manyan lasifikoki ya fi babban amfili da ba za a iya buɗewa ba. Amfilin da yake da ramin shiga biyu, na biyun a tsarin Fender yana rage sigina da rabi, wato desibel 6, kuma wannan kaɗai kan gyara busta da ta yi wa tub na farko yawa. Wanda amfilinsa yake saurin kaushi fiye da yadda yake so zai iya canza tub na farko zuwa 5751 mai ninki 70 ko 12AY7 mai kusan 44. Ƙafafunsu ɗaya ne da 12AX7, ba sai an sake saiti ba.

Wuta, zafi da ƙura

Wutar Kamaru da Cadi bolt 220 ce, 50 Hz. Amfilin da aka yi wa kasuwar Amurka na bolt 120 ne, kuma da yawa daga na hannu da suke shigowa irinsu ne. A duba rubutun bayansa kafin a jona. Ba tare da taransifoma mai ragewa ba, sakan kaɗan sun isa a yi asara.

Sararin amfili mai tub yana bin ƙarfin wutar da yake samu. Idan wuta ta faɗi zuwa 190 da daddare, ko ƙaramin janareta ya yi nishi saboda fitilu da manyan lasifikoki, lantarkin cikin amfili yana faɗuwa tare da ita, kaushi ya zo da wuri, ƙasan ya yi laushi. Saitin busta da ya yi daidai lokacin gwaji da rana sai ya yi yawa da dare. A nan mai tsabta ce ta fi shan wahala, mai ɗaga tsakiya ta fi jurewa. Wutar da ta haura kuwa tana gajarta ran tub, domin zaren ɗumama su bolt 6.3 aka yi wa. Sitabilaiza mai ƙarfin da ya ninka abin da amfili yake ja yana taimakawa, ko da yake mai rahusa yakan yi ƙas-ƙas a lasifika duk lokacin da ya canza mataki.

Busta ba ta tace abin da take ninkawa. Desibel 20 suna ninka kukan wuta sau goma tare da jita. Abin da ya fi jawo kukan shi ne cajar bolt 9 ta kasuwa da ba a yi don kayan kiɗa ba, da soket mara wayar ƙasa, wanda ban da kuka yana iya sa tsirkiya ko makirfo su ja mutum. Busta mai taransista ɗaya ba ta cin lantarki sosai, batir mai bolt 9 yana daɗewa a cikinta idan ana zare kebul daga Input bayan an gama. Cajar fedal kuma tsakiyar bakinta mainas ce a tsarin Boss, yawancin na sauran kayan gida kuwa fas ne, kuma juya su na iya ƙona fedal. Idan an taka busta sai amfili ya yi kuwwa ko da an riƙe tsirkiyoyi, a ƙwanƙwasa tub na farko a hankali da bakin fensir. Idan ƙarar ta fito a lasifika da ƙarfi, girgizar hanya ta sassauta cikinsa, sai a musanya shi da wani 12AX7 na gaba a amfilin. Ƙurar hunturu tana sa maɓallai da ramuka ƙara idan an murɗa, ruwan fesa na wanke kayan lantarki ne maganinta. Kada a kunna amfili mai tub ba lasifika a jone, taransifomar fita ce take ƙonewa, kuma cikin akwatin akwai bolt 300 zuwa 500 da kondansa suke riƙewa ko bayan an kashe, don haka buɗe shi aikin mai gyara ne.

Wanda bai sami fedal a kusa ba, mai gyaran rediyo da ya iya aikinsa zai haɗa masa irin LPB-1: taransista 2N5088 ko BC549, rezista huɗu masu ohm 430,000 da 43,000 da 10,000 da 390, kondansa biyu masu nanofarad 100, da mamurɗi mai ohm 100,000 a bakin fita. A lura ƙafafun BC549 ba a jere suke kamar na 2N5088 ba. Kondansar shiga ce take yanke halinta. Da nanofarad 100 komai yana wucewa. Da 22 ragin yana farawa wajen 230 Hz, ɓurɓur ya ragu, kaurin yana nan. Da 10 ya koma wajen 500 Hz, da 4.7 kuwa ta zama mai ɗaga muryar sama. Ƙaramin makunni mai zaɓar tsakanin 100 da 22 da 4.7 ya ba ka hali uku a akwati ɗaya, kuma silikon ce, zafin Afrilu ba ya canza ta.

Ko saye za a yi ko haɗawa, a gwada da amfilin da za a yi aiki da shi, a ƙarar da za a yi aiki da ita. A saita amfili inda bugu mai sauƙi yake tas, mai ƙarfi yake ɗan gurnani, sannan a taka fedal a bugi tsirkiya mafi kauri da ƙarfi da fikof na wuya. Idan ta fito a dunƙule ta ja, fedal ɗin ya dace. Idan ta ɓurɓure, a rage Bass a sake, in bai gyaru ba a koma kan mai ɗaga tsakiya.